Abin da Kawu Ya Aiko ta Hannun Hajja

Haɗejiya, ranar Lahadi

Zuwa ga Kawu Abdulfattah, Kakuri, Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, ya sanyin bana? Mu nan alhamdu lillahi. Ruwan ambaliya ya janye, ya bar mana zane a bango har ƙugu. Hajja tana nan da ƙarfinta, sai gwiwa da ido da suke ba ta wahala. Bakin kuwa babu abin da ya same shi.

Wataƙila sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Falmata ce, 'yar Ummussalma, jikar Hajja yayar mahaifinka. Rabonka da ni tun ban shiga makaranta ba. Na so in kira ka, Hajja ta ce ƙarar masana'anta ta tafi da kunnuwanka, waya ba ta yi maka rana, in rubuta in ba Shu'ibu direba mai kai bandar kifi Kaduna duk mako.

Ga abin da ya hana ni zama. Da na gama kwalejin fasaha, ƙungiyar manoman rani ta nan ta ɗauke ni aiki, domin sun sayi kwancen injin sassaƙa ƙarfe mai kwamfuta daga wata masana'anta da ta rufe a can wajenku. Kai ba sai na yi maka bayani ba: ba ya motsi sai an rubuta masa umarni layi-layi, da G da M da lambobinsu, kuma abin da aka rubuta shi zai yi ko da zai karya kansa. Littafinsa yana durowar ƙasa ranar da ruwa ya shigo. Da muka ciro shi ya zama ƙullun ƙosai.

Ƙananan ayyuka ina yi da abin da na koya a makaranta. To yanzu sandar babban famfon da ke ɗaga ruwan kogi zuwa gonakin alkama a wani ƙauye gefen Kirikasamma ta karye. An zagaye Kano ba a samu irinta ba. Mutanen sun riga sun shuka da damshin da ambaliya ta bari, alkama ta tsiro, ruwa take jira. An kawo mini ƙarfe biyu in fitar da sabuwa. Jikin sandar ban sha wuya ba, amma zaren da noti ke hawa a bakinta ya gagare ni. Na cika wayata da takardun intanet. Kowace da injin da take magana a kai, babu mai maganar wannan tsohon. Na ɗauki wadda ta fi kama, na rubuta, na danna. Haƙorin yanka ya nutse cikin ƙarfen da wata ƙara da har mai shayin bakin titi ya leƙo. Haƙorin ya karye, ƙarfen ya lalace, saura ɗaya.

Malam Garba, shugaban ƙungiya, safe da yamma yana bakin ƙofa. Ba ya faɗa, ba ya zagi, sai dai ya ce, "Injiniya, ya ake ciki?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Hajja ta ce irin wannan injin ka yi wa bauta har ka yi ritaya. Don Allah Kawu, in kana da littafi, ko guntun littafi, ko wani abu da mutum zai duba ya san yaren wannan injin, ka taimake ni da shi. Ka gaida Inna da yara.

'Yarka,
Falmata

*

Kakuri, Kaduna

Zuwa ga 'yata Falmata.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai tsufa. Allah ya tsare gaba, ya mayar da abin da ruwa ya ci. Na gane ki sarai. Ke ce kika yi mini fitsari a babbar riga ranar sunan ƙaninki, ban manta ba, kuma ban yafe ba.

Lambar injin da kika rubuta a bayan ambulan na duba. Ɗan'uwan injin da na yi aiki da shi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wallahi na yi murna. Littafi babba ba ni da shi, na kamfani ne, kamfani kuwa ya tafi da kayansa. Amma ina da 'yar takardata da na rubuta da hannuna tun ina saurayi, ta zauna a aljihun gaban rigata duk tsawon aikina. Ita ta tsare ni, ta tsare injin, ban taɓa karya haƙori ba tana jikina. Ba ni da wata bayan ita. Ban taɓa ba wa kowa ko aro ba, ga shi na ba ki.

Na sa ta cikin saƙon Hajja tare da goro da sabulu, don ba a aika wa yaro abu a gida a tsallake babba. Wannan wasiƙar Shu'ibu zai kawo miki wurin aiki, saƙon kuma ya sauke a gida. Ki karɓi takardar a hannun Hajja.

Abu biyu. Kada ki tsaya gaban injin nan ba tare da ita a jikinki ba. Kuma kada ruwa ya taɓa ta, garinku na san halinsa.

Ki rubuto ki gaya mini ranar da famfo ya tashi.

Kawunki,
Abdulfattah

*

Haɗejiya, ranar Lahadi

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Hajja ta gode da goro, ta ce sabulun ma ba laifi duk da dai ba mai ƙamshin da take so ba ne. Maganar babbar riga kuma a yi haƙuri, ƙuruciya ce.

Abin da ka aiko ya iso. Bai shigo hannuna da wuri ba, don Hajja ta riƙe shi kwana biyu, ta kai an gyara shi yadda ruwa ba zai taɓa shi ba. Yana jikina kullum kamar yadda ka ce. Na gode ƙwarai, na san ba ƙaramin abu ba ne mutum ya rabu da abin da ya tsare shi shekara da shekaru.

Sai dai Kawu, ban san yadda zan faɗa ba tare da na yi rashin kunya ba. Na san gidan malamai muka fito, kai ɗan Gwani ne, kuma ban raina abin da magabata suka riƙe ba. Amma abin da nake nema na boko ne. Wannan injin abin da ya sani shi ya sani. Wataƙila ni ce ban yi bayani da kyau ba a wasiƙar farko.

Jiya na bi Malam Garba ƙauyen. Gonakin tudu ƙasarsu ta fara tsagewa, bakin ganyen ya soma ja. Mutane suna jan ruwa da ƙananan injina daga kududdufai, kududdufan kuma suna ƙafewa. Wata mata, Mairam sunanta, mijinta ya rasu bara, ta kama mayafina ta ce, "Ke ce yarinyar da ke da injin? To mu dai muna nan." Ta saki mayafin ta wuce. Tun da na dawo na kasa cin abinci, na kasa zama wuri ɗaya. Ina shiga in kunna injin, in dube shi, in kashe.

In akwai wani tsohon abokin aikinka da ya ajiye littafi, ko a yage ne, ka tambayar mini.

'Yarka,
Falmata

*

Kakuri, Kaduna

Falmata.

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ajiye, na sake ɗauka ko idona ne. Wato abin da na aiko ba na boko ba ne. To, na ji. Ban yi kwalejin fasaha ba, gaskiya ne. A tsangayar mahaifina na koyi riƙe alƙalami, kuma da wannan hannun na rubuta abin da ke jikinki. Turawan da suka kafa mana injinan sun gan ta a hannuna, dariya suka yi, daga baya su suke cewa in duba musu. Ban zaci 'yar Ummussalma ce za ta ce mini injin ba ya jin ta ba.

Kin ma gwada kuwa? Ko ganin rubutun kawai kika yi kika kau da kai? Yaran yanzu in abu bai fito daga waya yana walƙiya ba, ba ilimi ba ne. Wayar ce dai ta karya miki ƙarfe.

Abokan aikina rabi suna kabari, rabi suna gadi. Babu mai littafi. In ba ki da buƙatar takardata ki ba Shu'ibu ya dawo mini da ita, tun da na ba da ita hannuna yake ta zuwa aljihu yana dawowa haka nan.

Ki gaida Hajja.

Abdulfattah

*

Haɗejiya, ranar Lahadi

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Makon jiya ban rubuto ba. Motar Shu'ibu ta lalace a Ringim, wasiƙarka ta kwana a hanya, da ta iso kuma na karanta sai na ajiye ta. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Yanzu kam kunya ta ƙare mini, don gonakin tudu sun tafi. Sun ƙone ƙurmus. Na gangare ne suka rage, har da ta Mairam, su ma Malam Garba ya ce in aka wuce wani makon sai dai a sa wa shanu. 'Yan kwamiti sun fara cewa a ɗauki ƙarfen a kai wa mai injin hannu a Kano ya yi ƙoƙarinsa, wannan na kwamfuta kuma a nemi mai saye. Ban ga laifinsu ba.

Ka ce ko na gwada. Kawu, ta yaya ake gwada laya? Na rataya ta a wuya, na tsaya gaban injin, na yi bisimilla, me kuma ya rage? Ka ce ko ganin rubutun na yi na kau da kai. Ina zan ga rubutu a abin da aka ɗinke cikin jar fata? Hajja da ta ba ni cewa ta yi, "Ga ta kawunki, hatimi ne na gidan Gwani, duk gida-gida, na kai wa Sunusi baduku ya rufe. In kika buɗe ta karye." Ni kuwa ban buɗe ba, don ba a yi mini tarbiyyar farke layar manya ba.

Na roƙi lambobin yanka zare, aka ba ni tsari. Na gode da tsarin, Allah ya sani. Amma tunda ka nema, zan cire ta in ba Shu'ibu mako mai zuwa, yau ba ni da ƙarfin fuskantar Hajja a kan haka. Ka yafe mini in na ɓata maka.

Falmata

*

Tashar Kawo, Kaduna

'Yata Falmata.

Salamu alaikum, lafiya lau, gaisuwa ta biyo baya. A tsaye nake rubuta wannan a kan bonet ɗin motar Haɗejiya, ban jira Shu'ibu ba.

Farke ta. Yanzu, kafin ki gama karanta wannan. Ba laya ba ce. Ban taɓa rubuta laya ba a rayuwata, mahaifina ma ya sha cewa a cikin 'ya'yansa ni ne asara. Lambobin injin ne. Na ja layuka gida-gida don su shiga takarda ɗaya, kowane gida da lambarsa, bayanin kuma na rubuta da ajami saboda shi hannuna ya fi sauri da shi lokacin da Bature ke magana. Hajja ta ga gidaje, ta ga ajami, ta ga daga ɗan Gwani ya fito, ni kuma da bakina na ce wa Shu'ibu ya gaya mata a riƙe a jiki kada ruwa ya taɓa. Me kike so ta ce? Ni ma da ni ne ita, wurin baduku zan nufa.

Na so in sa maƙwabcina ya kira ki a waya, sai na ga maganar kuskuren Hajja ba ta bakin maƙwabci ba ce. Na kuma so in rubuto miki lambobin da ka, amma kaina na yanzu ban yarda da shi ba, kuma ƙarfenki ɗaya ne.

Ki duba gidan ƙasa na hannun hagu, shi ne na zare. Takardun wayarki a layi biyu suke rubuta shi. Wannan tsohon layi ɗaya yake so, abin da ya karya miki haƙori ke nan. Ki bi da reza a hankali ta gefen ɗinki. Kuma kada ki fara da ƙarfe. Ki ɗaura itace mai tauri ki gwada tukuna, haka muke yi.

Abin da na rubuto miki wancan karon ki sa a murhu. Tsoho ne ya ji an taɓa masa abin alfaharinsa. Ina ta juyi a ɗaki kamar kaza mai neman wurin ƙwai, innarki ta ce in fita in ba ta wuri. Direba yana hon.

Kawunki

*

Haɗejiya, ranar Lahadi

Zuwa ga Kawu Abdulfattah.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa mai yawa, ina fatan ka koma gida lafiya daga tasha, Inna kuma ta bar ka ka shiga. Mu nan kalau.

Ban farke ta a wurin aiki ba. Na ga in na yi a ɓoye, ranar da Hajja ta gani ba ni da bakin magana. Na je gida na same ta tana gyaran zogale, na karanta mata wasiƙarka. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Abdulfattah ne ya rubuta wannan?" Na ce shi ne. Ta ce, "Yo ai dama mai abu ba ya cewa abu ne. Ke dai ja'ira so kike ki ga ciki." Na ce Hajja alkamar mutane ce. Sai ta miƙo hannu ta karɓi rezar ta ce in dai za a karya, ita ta sa aka ɗinke, ita za ta farke, alhakin ya hau kanta. Da idon nan nata.

Takardar ta fito a ninke kamar ƙullin magani, amma lafiya. Rubutunka ya fi na malaminmu na Islamiyya kyau. Na zauna a tsakar gida ina karantawa ina dariya ina share hawaye, abin da na yi makonni ina nema a duniya ashe yana wuyana yana shan zufa.

Sai dai Sunusi baduku ya bar mana shaidarsa. Basillarsa ta bi ta gidan ƙasa na hagu, ta huda lamba ɗaya, ta zurfin yankan farko. Rabinta ya tafi. Ko biyu ce ko uku, ban iya rantsewa ba, kuma babu lokacin tambayarka. Na tuna maganar itace. Na duba gidan nan kaf, babu mai tauri kuma madaidaici sai taɓaryar Hajja ta ƙirya, wadda ta zo da ita daga gidansu. Na tsaya ina kallon taɓaryar, Hajja tana kallona. Ta ce, "Kin cinye laya, yanzu kuma taɓarya?" Sai ta tura mini ita da ƙafa.

Na yanke guntu biyu. Na farko na sa uku, haƙorin ya shiga da haɗama, bakin zaren ya ɓantare. Na biyu na sa biyu, ya bi a hankali, zare ya fito sumul, noti ya hau itacen da yatsa. Sannan na ɗaura ƙarfen. Malam Garba yana bakin ƙofa. Na danna. Injin ya yi ta kai da komo yana zubar da ɓawon ƙarfe, ya tsaya da kansa. Noti ya hau.

Ranar Alhamis famfo ya tashi. Na tsaya a bakin kwata na ga ruwa ya gangara, ƙasa tana sha tana ƙara. Ba zan yi maka ƙarya ba, murnata ba ta cika ba. Sai da ruwan ya ratsa ta gefen gonakin tudu kafin ya kai gangare, masu su suna tsaye suna kallo yana wucewa. Da na faɗi kalmar nan laya tun a wasiƙa ta biyu, da su ma sun sha. Gonar Mairam ta tsira, ban da kunyoyin shuka biyu na bakin hanya. Ta aiko mini da ƙwan zabi a ƙwarya.

Na kwafe takardar gida-gida da boko, na buga da yawa, ɗaya a jikin injin, ɗaya a wayata, ɗaya a saman durowa, ba ƙasa ba. A gurbin da basilla ta ci na rubuta biyu. Taka kuma ga ta nan a hannun Shu'ibu, aljihunka ya huta da lalube. Za ka ga jar fatar a cikin ambulan. Hajja ce ta sa, ta ce in gaya maka kada ka yar, kuma ka daina musu da manya: an rataya, an tsaya gaban injin, ruwa ya zo, ita ba ta ga inda ta yi kuskure ba.

Ta kuma ce taɓarya tana kanka, ta ƙirya, kada ka aiko mata da ta Kaduna.

'Yarka,
Falmata